Bazarar da Mama Take Gidan Inna

Lahadi, da rana tsaka

Ni dai ban san laifin da na yi wa bazara ba. Ƙofa zafi, bango zafi, katifa zafi. Ruwan famfo ma sai ka ce wanda aka dafa don a yi wa... sai ka ce wanda aka dafa dai. Ƙurajen zafi sun feso min a wuya da goshi. A duk littattafan soyayyar da na karanta ban taɓa cin karo da jaruma mai ƙurajen zafi ba. Su kullum iska ce take kaɗa musu mayafi. Ni nawa mayafin manne yake a bayana kamar an shafa masa gam.

Mama tana gidan Inna, yayarta, tun da aka sallamo ta daga asibiti. Baba ya ce saboda zafi ne. Gidan Inna rufin siminti ne, ga bishiya a tsakar gida, namu kuwa kwano ne, da rana sai ka ji kamar an kifa maka tukunya a ka. Ya ce da ruwa ya sauka gari ya yi sanyi za ta dawo.

Abin dariyar shi ne Baba mai gyaran fanka da firiji ne. Shagonsa ya cika har sun malalo gida, falonmu yanzu fankokin mutane ne jere kamar masu jiran likita, wata ba wuya, wata ba fiffike. Amma mu ba mu da tamu. Tamu ya cire mata wani abu a ciki ya sa wa ta wani mutum da yake sauri, ya ce gobe zai mayar. Goben nan ta shekara. Dokarsa ita ce duk fankar da ya gyara sai ta wuni tana juyawa a gida, ya tabbatar da lafiyarta, kafin mai ita ya ɗauka. To da wannan muke rayuwa. Iskar aro. Kana fara sabawa da ita mai ita zai yi sallama.

Ni ban damu ba, na san Mama za ta dawo. Na karanta irin wannan ya fi a ƙirga. Rabuwa a tsakiyar littafi take zuwa, ba a ƙarshe ba.

Litinin, da hantsi

Na ƙona shinkafa. Baba ya cinye tas ya ce ta yi daɗi. Bai ɗago kai ba.

Talata, da yamma

Ba na son Talata yanzu, amma ta yau ta yi ƙoƙari.

Baba ya rufe shago da wuri, ya yi wanka, ya sa rigarsa mai ruwan toka wadda Mama take so. Raina ya yi fari. Sai kuma na ga ya rataya jakar aiki a kafaɗa.

Na ce, “Baba, gaisuwa fa za mu je.”

Ya ce, “Uwata, mai gyara ba ya fita ba jaka. Ba ka san abin da za ka tarar ba.”

Inna ce ta buɗe mana. Ita Inna bakinta ba linzami. Tana ganinsa ta ce, “A'a! Injiniya da kansa! Wace waya ce ta tsinke a unguwarmu?”

Mama tana kishingiɗe a doguwar kujera. Ta rame. Da can ta saba ɗora hannu a wuri ɗaya in ta zauna, yanzu hannun bai san inda zai sauka ba, ya je kan gwiwa ya dawo, ya je kan matashi ya dawo. Na zauna a ƙasa kusa da ita, ta dubi wuyana ta ce, “'Yar nan, daina sosa su, za su yi tabo.”

Baba daga tsaye ya ce, “Ya jiki?”

Ta ce, “Da sauƙi.”

Shi ke nan. Ina jira ya ƙara wani abu. Sai ya ɗaga kai sama, inda fankar falon Inna take ƙiƙi-ƙiƙi kamar tsohuwar amalanke, wallahi na ga fuskarsa ta saki kamar wanda ya hango ɗan'uwansa a tasha.

“Yaya, tun yaushe take wannan kukan?”

Inna ta ce, “Tun kafin ka yi gemu.”

Ya ja kujera ya hau. Har muka tafi yana sama, mu muna kallon tafin ƙafarsa. Da ya sauko fankar ta yi shiru, sai iska. Ya ce, “To, Allah ya ƙara sauƙi,” muka fito.

Ƙawata Aku za ta ce wannan ba komai ba ne, amma ni na gane. Irin jarumin nan ne mai kunya, wanda ba ya iya furtawa sai dai ya nuna. Su ne ma suka fi daɗi a littafi.

Alhamis, da dare

An ɗauke wuta tun safe. Fankoki cike da falo, ko ɗaya ba mai motsi. Na jiƙa zani na lulluɓa, kafin na gama shafi biyu ya bushe.

Aku ta zo. Ƙawata ce tun firamare, mu muka sa mata wannan sunan don bakinta ba ya hutu. Ta kawo min sabon littafi, bangonsa ya cire, ta kwanta a siminti tana fifita da shi.

Ta ce, “Ke matsalar babanki bai san kan mata ba. Turare! Ya saya mata turare mai kwali, ya miƙa da hannu biyu. Ko dutse ce sai ta narke.”

Na ce, “A wannan zafin dutse ma narkewa yake ba sai da turare ba.”

Ta ce, “Ke dai gaya masa, Sarauniyar Kurame. In ba za ki iya ba ni zan iya.”

Allah ya kiyaye. Da yamma da na kai masa shayi na tsaya ina kallon yatsun ƙafata, na ce, “Baba, da za a kai wa Mama wani abu. Kyauta haka.” Ban iya cewa turare da ƙarfi ba, amma na faɗa, na san ya ji.

Ya daɗe yana kallona. Ya ce, “Uwata, kin yi tunani.”

Kin gani ko, Aku.

Juma'a, da yamma

Fitila ya sayo. Mai caji, da 'yar fanka a jikinta.

Ya ce, “Wannan ta fi turare. Turare ƙarewa yake.”

To. A hankali dai.

Lahadi, da safe

Na share ɗakin Mama. Jakar nan mai ruwan ɗorawa tana nan a saman sif inda Baba ya tura ta can ciki. Ban taɓa ta ba. Na san abin da yake ciki, ni da Mama muka zaɓo. Na goge gefenta da gefenta na bar tsakiyar.

Matar direba, maƙwabciyarmu, ta leƙo aron wuƙa. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, “Har yanzu maman taki ba ta dawo ba? Ayya. Shekara da shekaru ana jira. Allah dai ya kawo rayayye.”

Na ce amin. Na ba ta wuƙar. Na koma ɗaki na karanta shafi ɗaya sau ban san adadi ba.

Laraba, da la'asar

Yau firijin Inna ne. Ba ta ma ce ya lalace ba, shi ya kara kunne a jikinsa kamar likita ya ce yana jin wani abu. Ya janyo shi tsakiyar kicin ya durƙusa a bayansa. Mama tana falo, shi yana kicin, ni ina zirga-zirga a tsakani kamar 'yar aike ba saƙo.

Na gwada wata dabara da na gani a littafi. Na ce wa Mama, “Baba ya ce abincina bai kai naki ba.” Bai faɗa ba, amma ai gaskiya ce.

Mama ta ce, “Ki riƙa rage wuta in ruwan ya tsotse.”

Wani abu kuma. Baba ya ɗaura wa wayarsa igiya ya rataya a wuya, ya ƙure mata ƙara. Da ita yake cin abinci, da ita yake barci, ko wanka zai shiga sai ya rataye ta a ƙusar ƙofa. Yau tana ƙara daga bayan firiji ya zabura har ya buge kai, ya ɗauka tun kafin ta gama kukan farko. Wani ne yake tambayar dutsen gugarsa.

Mama ta ji ƙarar. Ta dubi ƙofar kicin, ta juyar da fuska wajen bango.

Da ma ran Talatar nan haka wayar take a wuyansa, ba a cikin jaka a ƙasan tsani ba. Na yi ta kira, na yi ta kira, har matar direba ta ce in bari haka ta nemo mota.

Ba wannan na zauna rubutawa ba. Firijin dai yanzu ƙanƙara yake yi kamar dutse. Inna ta ba ni ruwa mai sanyi har haƙorana suka amsa.

Alhamis, da rana

Bari in rubuta abin da nake so, ko na ji sanyi-sanyi.

Ina son lokacin sanyi. Ina son in farka in ji hancina ne kaɗai a waje. Ina son kofin shayi ya ɗumama min hannu kafin in sha, ina son rigar sanyin Baba da na gada wadda hannunta ya fi nawa tsawo. A sanyi littafi ma ya fi daɗi, takarda ba ta jiƙewa a yatsa. Damina ma ina sonta, ba kamar in ruwa yana dukan kwanonmu ba a jin maganar kowa, babu wanda zai ce min, “Ke ba kya magana ne?”

Na riga na yanke, ni duk wanda zai so ni ya zo a sanyi. Ya zo da rigar sanyi mai duhu, hannu a aljihu, yana magana a hankali. Wanda ya zo a bazara yana gumi yana fifita da hula, ya koma sai an yi ruwa.

Asabar, da yamma

Hadari ya haɗu a gabas, baƙi ƙirin. Na kwashe shanya da gudu. Ya watse.

Litinin, da yamma

Ya sake haɗuwa. Ya sake watsewa. Wannan ai yaudara ce.

Talata, bayan la'asar

Soket ɗin ɗakin da Mama take kwana, da dutsen guga, da ƙwan fitilar tsakar gida. Fankar ɗakin ma ya sauke ta ya wanke fiffikenta ɗaya bayan ɗaya ya mayar. Ya tambayi Mama, “Iskar tana iso ki?” Ta ce, “Tana isowa.” Yau sun yi magana ta fi ta kullum tsawo. Ci gaba ne.

Inna ta ce, “Injiniya, ni ma gwiwata tana ƙara, ko za ka duba?” Baba bai gane wasa ba ne, har ya fara cewa shi ba ɓangarensa ba ne.

Alhamis, da la'asar

RUWA!

Wayyo daɗi. Iska ce ta fara tasowa, ta bugo ƙofa, ta kifar da bokiti, sai ƙamshin ƙasa, sai ɗigo ɗaya-ɗaya manya kamar ana jifan kwano da tsakuwa, sannan ya ɓalle. Na fita tsakar gida na tsaya. Ni da ko a makaranta ba na ɗaga hannu, yau ihu na yi, ba wanda ya ji. Ƙurajen wuyana har wani raɗaɗi suke mai daɗi.

Baba ya shigo jiƙe sharkaf, ya cire rigarsa ya naɗe jakar aiki da ita, shi yana tsiyaya jakar a bushe.

Na ce, “Baba, ruwa ya sauka.”

Ya ce, “Na gani, Uwata. A kaina ya sauka.”

Na ce, “To Mama fa?”

Ya tsaya. Ya dubi sama ya ce kamar kwanon ɗaki yana yoyo ta kusurwa, bari ya duba.

Ba komai. Na canza zanin gadon Mama, na wanke kofinta, na goge madubi. Gobe Juma'a, rana ce mai kyau ta dawowa.

Juma'a, da magariba

Wataƙila hanya ce ta yi taɓo.

Asabar, da magariba

Hanya ta bushe.

Lahadi, da yamma

Zafin ya dawo, ya ma fi na da mugunta, yanzu da laima a cikinsa, kana zaune kana naso kamar gishiri. Na kasa zama. Na tafi gidan Inna ni kaɗai, ban gaya wa Baba ba.

Ina shiga falon na ji kamar na shiga wata ƙasa. Fanka tana juyawa shiru, ruwa da ƙanƙara a kan tebur, fitila mai caji a gefe tana jiran a ɗauke wuta. Na zauna gumina ya bushe nan take.

Da kyar na ce, “Mama, an yi ruwa fa.”

Ta ce, “An yi. Allah ya sa mai albarka ne.”

Inna tana yankan farce. Ba ta ɗago ba ta ce, “Ke 'yar littafi, bari in tambaye ki. In ke ce, za ki bar nan ki koma tandar gidanku? Ubanki ya mayar min da gida otal. Maƙwabta har sun fara zuwa barcin rana. Mutum yana so matarsa ta dawo, kullum yana ƙara gyara mata wurin zama a gidan wasu. Ni ban taɓa ganin irin wannan lissafi ba.”

Na ce, “Ai shi haka yake nuna...”

“Nuna me? Ni yake so ko ita? Ni dai firijina ya gode.”

Mama ta ce, “Yaya, bar yarinyar.”

“Ba zan bar ta ba, ta girma. Ita ta riƙe ki a mota, ba wani ba.” Ta juyo gare ni. “Zafi bai kori uwarki ba. Shekara nawa tana cikin kwanon nan ba ta gudu ba?”

Na dubi Mama. Tana ta murza gefen zaninta. Can ta ce, a hankali, kamar ba da ni take ba, “Duk zuwan nan da yake yi, bai taɓa zama ba. Kujera in ya ja, takawa zai yi.”

A hanyar dawowa na yi kuka kaɗan a bayan mayafi, mutane za su ɗauka gumi ne. Amfanin zafi na farko da na taɓa gani ke nan.

Litinin, da hantsi

Na karanta littafin ba daidai ba. Na ɗauka shirun Baba irin na jarumai ne. Ashe tsoro ne. Yana tsoron in ya zauna hannunsa ba komai, sai an yi maganar ranar nan.

Ni ma ai haka nake. Shi jaka, ni littafi.

Amma tunda na gano inda wayar ta tsinke, zan iya. 'Yar mai gyara ce ni.

Talata, da rana

Na shirya jawabi. Na yi wa fankokin falo shi sau da yawa, duk sun yarda, ɗaya har tana gyaɗa kai. Baba ya shigo cin abinci, na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, “A ƙaro ruwa?”

Aku ta ce in rubuta masa a takarda. Ba zai yiwu ba. Baba duk takardar da ya samu sukurori yake ƙunshewa a ciki.

Laraba, da magariba



Mun tafi da la'asar. Riga mai ruwan toka, waya a wuya, jaka a kafaɗa. A hanya yana ta cewa ya lura injin markaɗen Inna yana jan wuta fiye da ƙima. Ni ban ji rabin abin da yake faɗa ba.

A ƙofar gidan ya sauke jakar don ya cire takalmi. Sai kawai na ɗauke ta. Ban shirya haka ba. Nauyi gare ta kamar an zuba duwatsu, na rungume ta da hannu biyu.

Ya ce, “Yawwa, kawo.”

Na ce, “A'a.”

Ban taɓa ce wa Baba a'a ba tun da aka haife ni. Shi ma ya sani. Ya dube ni kamar fanka ce ta yi magana.

“Uwata, injin markaɗe zan duba.”

Na ce, “Lafiyarsa ƙalau. Baba, ka shiga ka zauna.” Muryata kamar ta sauro, amma ta fita. Na ƙara da cewa, “A kan kujera.”

Ashe Inna tana bayan ƙofa. Ta fito tana ɗaura ɗankwali ta ce, “Ka ji abin da uwarka ta ce. Babu abin da ya saura a gidan nan da bai gyaru ba, Injiniya, sai abu ɗaya, yana falo. Shi kuma sukundireba ba ta kwance shi.” Ta kama hannuna. “Zo mu sha iskar bishiya, ni da ke.”

Baba ya tsaya a bakin falo yana shafa gefen rigarsa, hannu ya rasa abin riƙewa. Sannan ya cire wayar daga wuyansa ya miƙo min. Ya shiga.

Muka zauna a gindin bishiya, jakar a cinyata. Shiru. Shiru har na fara cewa a raina na ɓata komai. A littafi a nan ne ake cewa “ya kama hannunta,” sai a tsallaka sabon babi. Nan ba a tsallakawa, zama ake.

Sai muryar Mama ta tashi. Ban taɓa jin ta haka ba. Ba duka nake ji ba, sai guntu-guntu: “...ni kaɗai...” da “...ko sau ɗaya ka tambaye ni...” da “...namiji ne, ka ma sani?” Na miƙe. Inna ta janyo ni na koma.

Ta ce, “Zauna. Ƙurji ne yake fashewa.”

Bayan nan sai wani sauti, ƙasa-ƙasa, kamar mutum yana tari ba ya iya tsayawa. Na daɗe kafin na gane na Baba ne. Inna ta kunna 'yar rediyonta ta ƙure, ana ta tallan sabulu, ita kuma tana share ido da bakin ɗankwali tana cewa hayaƙin maƙwabta ne.

Wayar ta yi ƙara a hannuna. Wani ne, wai fankarsa. Na ce, “Baba yana wani aiki, sai gobe.” Ban yi in'ina ba ko kaɗan.

Da ya fito idonsa ja. Bai karɓi jakar ba, ni na ɗauko ta har gida, kafaɗata kamar za ta cire. Mama ba ta biyo mu ba. Amma ta rako mu bakin ƙofa, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ce masa, “Rigar nan tana son guga.”

Juma'a, da yamma

Ya tafi shi kaɗai. Jakar tana rataye a ƙusa. Na leƙa ta sau biyu don in tabbatar.

Lahadi, da la'asar

Yau ma. Ya dawo da kwanon abinci daga Mama, ya ce ta ce wai in huta da ƙona tukwane.

Aku ta ce, “To ina turaren?” Na ce babu. Ta ce wannan soyayyar tsofaffi ba ta da tsari sam, in aka rubuta ta ba mai saye. Na ce ni zan saya.

Zafi dai yana nan. Hadari ma ya daina yi mana alkawari.

Talata, da rana tsaka

Babu wuta tun safe. Kwano yana ta ƙas-ƙas a sama. Ina kwance a siminti na ji tsayuwar mota, na ɗauka mai fanka ne. Sai na ji Inna tana cewa, “A sauke a hankali, ba kayan gyara ba ne!”

Mama ta shigo. Ta tsaya a tsakiyar falo ta dubi fankokin nan, ta dubi kicin, ta dubi ni. Baba yana bayanta da akwati, yana ta gumi yana murmushi kamar wanda aka ba shi kyautar mota.

Na shirya abin da zan ce in ta dawo, kalmomi masu kyau, tun makonni. Ko ɗaya bai zo ba.

Ta ce, “'Yar nan, wannan kan naki yaushe rabonsa da mataji? Ɗauko kibiya ki zo nan.”

Ko mayafi ba ta cire ba ta zauna a bakin gado, na zauna a ƙasa tsakanin gwiwoyinta. Ɗakin kamar tanda. Gwiwoyinta zafi a kafaɗuna, hannunta zafi a ƙeyata, gumina yana gangarowa cikin kunne, tana ja ina jin kamar fatar kaina za ta tashi.

Ta ce, “Kin jiƙe sharkaf. Tashi ki sha iska, sai mu ƙarasa da yamma.”

Na ce, “A'a, Mama. Ci gaba.”